Kaka Nomau da Tuwon Gwamnati

Duk wadda ta taɓa ajiye wa Kaka Nomau kwanon tuwo ta san faɗuwar gaban da nake nufi. Mutumin nan tun da Allah ya halicce shi bai taɓa buɗe baki ya ce abinci ba daɗi ba. Cewa yake abinci ni'imar Allah ce, wanda ya kushe shi da Mai bayarwa yake. Amma fa Allah ya ba shi harshen da ko ƙwayar barkono ta yi yawa sai ya ji. To, ya zai yi? Sai ya samo dabararsa. In girki ya yi, ba za ka ji ko tarinsa ba, sai gumi da lashe yatsu. In bai yi ba, sai ya shiga yabon wani abin da ke kusa.

Ku da kuka tashi a gidan kun san matakan. In ya yabi kwano, gishiri ne bai ji ba. In ya ce randar nan akwai sanyi, yaji ya yi yawa. In kuwa kika ji ya ce, "Mai girkin ga lahiyarta lau dai ko?" to ki shige ɗaki ki ja ƙofa, yau ba ranarki ba ce.

Ni Asabe, jikarsa ta fari, wadda yake kira amarya, na sha nawa rabon tun ranar da Inna ta fara sakar mini muciya. Na tuƙa tuwon dawa, na kai masa zaure da kaina ina yanga. Ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana juya ta a baki, sannan ya ɗauki faifan da na rufo kwanon da shi ya ɗaga sama.

"Amarya, wa yas saƙa wanga faifai?"

"Kaka, a kasuwar Gummi aka saya. Tuwon fa?"

"Kai, hannu ya yi aiki nan! Dubi yadda ja yab bi baƙi."

"Tsoho, tuwon nake tambaya."

"Allah shi yi ma mai saƙar albarka."

Ina jiyo Inna a bayan katanga tana dariya har da riƙe ciki. Wallahi sai da na yi mako ban gaishe shi ba.

To, wannan mutumin ne Allah ya kai asibiti, aka kuma zaunar da shi a taro aka ce ya faɗi laifin abinci, alhali ran amininsa yana rataye da amsar.

Kun san sana'arsa gishiri da kanwa. Tun yana saurayi yake bin kasuwanni da jakinsa, Gummi, Bukkuyum, Anka, har tsufa ya zaunar da shi a rumfa. Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba hawan jini ya kayar da shi a rumfar tasa. Aka kwantar da shi a asibitin da ke kusa da gidan aurena, jinya ta faɗo kaina. Abu na farko da likita ya hana shi shi ne gishiri. Kaka ya dubi likita daga sama har ƙasa ya ce, "Ɗana, da shi na aurar da ɗiyana duka. Yau ka ce maƙiyina na?"

Asibitin yana dafa abincin rana saboda mutanen nesa, irin na Gwashi da Nasarawa Burkullu, waɗanda ba su da mai kawo musu daga gida. Yawanci shinkafa da wake ce, tsinke-tsinke, da ɗan yankan nama mai tauri kamar bayan takalmi. Kowa da farantinsa da cokalinsa, a kan gadonsa, daidai lokacin da ake buɗe ƙofa 'yan dubiya su shigo. Ni kuwa na dama kunu na tuƙa tuwo mai laushi na kawo wa angona. Ya ce in mayar.

"Tun zamanin Bature nike biyan haraji, ban taɓa ganin abin da gwamnati tad dahwa ba. Yau ga shi ta dahwa. Kai naki gida."

Ya ɗebi shinkafar nan ya kai baki. Haƙoran da suka rage masa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, kuma ba sa ga maciji da juna, wannan yana gabas wancan yana yamma. Ya yi ta fama, ya yi ta fama, ya haɗiye da ƙyar, idonsa ya kawo ruwa. Ya juya farantin a hannunsa.

"Amarya, kin ga hwarantin gwamnati? Mutum na iya aski da shi!"

A gadon da ke kusa da nasa kuwa Malam Jabbi ne, Bafillacen wajen Gwashi da yake sayen kanwar shanu a wurinsa tun suna samari. An yi masa aiki a ciki, ɗinkin ya ƙi haɗewa, saboda ba ya cin abinci. Mutumin da na sani dogo, kakkaura, ya koma sai idanu da hanci. Sista Rifkatu, shugabar ɗakin, wata 'yar ƙasar Zuru mai faɗa da tausayi, ta gaya mana ƙiri-ƙiri cewa magani ba zai yi aiki a jikin da babu komai ba. In tsohon nan bai fara ci ba, ba zai koma gida ba.

'Ya'yansa maza sun yi kudu da shanu, saboda haka mai jinyarsa mijin 'yarsa ne, Bello. Sista ta umarci Bello ya tsaya a kansa har sai ya ga ya ci. Bello yaron kirki, ba ya iya saɓa wa Sista, ba ya kuma iya kallon bakin surukinsa. Sai ya raba gardama. Da an kawo abinci sai ya miƙe a bakin gadon, ya juya baya, ya fuskanci bango kamar mai laifi, ya riƙa cewa, "Baba, a daure a ci. Baba, an ci?" Jabbi kuwa ya ja mayafi har hanci ya ce, "Na ƙoshi." Kullum haka. Farko ina dariya, daga baya na daina.

Kaka ya gwada korar Bello waje, ma'aikata suka dawo da shi. Ko da ya fita ma, ɗakin cike yake da matan mutane suna sannu-sannu daga gado zuwa gado. Ya gwada zagin Jabbi. "Kai, Bahillace, saniyarka ma ta hi ka hankali, ita in ta ga ciyawa ci takai." Jabbi ya yi murmushi kawai ya rufe ido. Ranar na ga damuwa a fuskar Kaka, abin da ban taɓa gani ba.

Ashe ita ma Sista abin ya dame ta, don ba farantin Jabbi kaɗai ke komawa cike ba, kusan na duk tsofaffin ne. Ita ta nemi a yi zama a kai. Aka turo wani Malam Sanusi daga Gusau, matashi mai fara'a, da manyan takardu da alƙaluma kala-kala. Aka shimfiɗa tabarmi a baranda, aka tara masu girki, da ma'aikatan jinya, da mu masu jinya, da tsofaffin da ke iya zama. Jabbi ba ya iya tashi, aka bar shi a ciki.

Malam Sanusi ya liƙa takardunsa a bango ya ce, "Iyayena, ba koya muku muka zo yi ba. Tare za mu tsara abincin nan, ku da masu dafawa da masu kawowa. Kowa bakinsa ɗaya da na kowa. Ku fara gaya mana, mene ne laifin abincin da ake ba ku?"

Wani tsoho ya ce, "Alhamdulillahi." Na kusa da shi ya ce, "Mun gode Allah, mun gode gwamnati." Wata tsohuwa ta ce ita a gida ma wa ya ba ta shinkafa. Haka aka zagaya. Mutanen da na san jiya sun tura farantin nan ƙarƙashin gado, yau kowa sai godiya. To wa zai kushe abincin da aka ba shi kyauta, a gaban wadda ta dafa?

Aka zo kan Kaka. Na ce a raina yau za a yi ta. Ya gyara hula ya ce, "Malam, hwarantin nan dai ban taɓa ganin irinai ba."

Malam Sanusi ya rubuta.

"Cokalin ma, ƙarhe na na gaske. Ba shi lanƙwasa."

Malam Sanusi ya sake rubutawa, yana murna an samu mai magana.

Sai Kaka ya karkata wajen masu girki, ya sassauta murya. "Ita mai girkin, lahiyarta lau dai ko?"

Shugabar masu girkin Inna Hajo ce, 'yar unguwarmu, wadda ta san Kaka tun kafin a haife ni. Kafin ya rufe baki ta miƙe tsaye, ludayi a hannu.

"Nomau! Lahiyata lau, ko ciwon kai ban yi! In kana da magana hwaɗe ta, ka bar ma hwaranti kirari!"

Baranda ta kwashe da dariya, har tsohon da ya fara cewa alhamdulillahi sai da tari ya sarƙe shi. Malam Sanusi ya tsaya da alƙalami a sama yana dube-dube. Na matsa na yi masa bayani a hankali. Bawan Allah, ya dubi abin da ya rubuta, shi ma ya fashe da dariya, ya cire takardar ya naɗe. Ya yi ɗan tunani, ya yi ƙus-ƙus da Sista, ya dawo ya zauna a kan tabarma tare da mu.

"Tambayata ce ba ta yi ba," ya ce. "A bar zancen abincin asibiti. Kowa ya ba mu labarin tuwon da ya fi masa daɗi tun da ya zo duniya."

Wayyo, kamar an fasa randa! Waɗanda ɗazu ba sa iya ɗaga murya suka shiga rige-rigen baki. Wannan ya ce tuwon gero da miyar kuka ranar gayyar noma. Waccan ta ce kunun tsamiya da innarta ke dama musu da damina. Wani ya kawo miyar yakuwa da daddawa, aka kusa faɗa a kan ko ana sa mata kuɓewa. Inna Hajo ta ajiye ludayi ta shiga gardamar. Malam Sanusi yana ta zana kwanoni a takarda saboda waɗanda ba su yi boko ba, kowa yana nuna nasa.

Kaka ya bari sai da aka lafa. Ya ce shi nasa a rugar Jabbi ya ci shi. Ruwa ya tare shi a hanyar Gwashi, jakinsa ya kafe a laka, gishirinsa yana narkewa. Jabbi ya fito da shi, ya kai shi bukka, aka kawo tuwon gero da man shanu a akushi ɗaya, aka ja musu asabari, su biyu suka ci har suka ga gindin akushi.

Sai ya dubi Sista. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ɗiyata, shinkahwa ni'imar Allah ta, ga mai haƙora. Mu mun ba da namu. Amma ba ita ɗai ba ta. Mutum ya kai shekarunmu, a aza mai hwaranti bisa ƙirji, surukinai na tsaye, matan mutane na shigowa gaisuwa, a ce mai buɗe baki ka tauna? Mu da munka saba ci a zaure, tsara da tsara, a ja ƙohwa? Jabbi ya gwammace shi mutu. Kuma mutuwar shika yi, ina kallo."

Ba wanda ya yi dariya. Bello ya sunkuyar da kai. Sista Rifkatu ta dafe ƙirji ta ce, "Baba, ni ce na tsayar da yaron nan a kansa. A wurinmu in tsoho ba lafiya, wanda ya tsaya ya ba shi a baki shi ne ɗan albarka."

"To nan ma ɗan albarka na," in ji Kaka. "Shi as sa yake kallon bango."

Washegari aka koma zama na biyu, a madafa, don a gwada abin da aka faɗa. Nan fa Kaka ya ɗauka an naɗa shi sarauta. Ya sa aka kawo masa kujera tsakiyar murhu, yana ba da umarni da sanda. A ƙara ruwa. A rage wuta. Ba haka ake talge ba. Inna Hajo ta yi haƙuri, ta yi haƙuri, sai ta miƙa masa muciya.

"Malam ya ce kowa bakinai ɗaya da na kowa. To hannu ma haka. Tuƙa."

Kaka ya dubi muciyar kamar an miƙa masa maciji. Mutumin da ya shekara da shekaru yana yanke wa girkin mata hukunci, ashe bai san ta wane kai ake riƙe ta ba. Ya miƙe don kada a ce ya ji tsoro, ya zura ta a tukunya, ya ja, tukunya ta biyo shi, sai da mata biyu suka tare ta. Tururi ya buge shi a fuska, hula ta zame, sai ga wani ɗan ƙulli ya faɗo daga ciki ya gangara har gaban Sista. Ta ɗauka ta kwance. Gishiri.

"Baba, mene ne wannan?"

"Samhuri na. Ɗan kasuwa ba shi yawo ba samhuri."

"A cikin hula? A asibiti?"

"To ina kika so in aje shi, ɗiyata, ga aljihu ki gani?"

Ta ƙwace, ba ta ko yi murmushi ba, ko da yake na ga kafaɗunta suna rawa da ta juya. Kaka ya ce miya ba gishiri ai wanka ne. Ta ce gishirin nan shi ya kwantar da rabin ɗakin. Aka ja, aka ja. Wata tsohuwa daga Nasarawa Burkullu ta ce a ƙara daddawa mana, ita ma tana ta da miya. Inna Hajo ta ce da ɗan tsamin yakuwa. Sista ta yarda da ɗan abin da likita ya amince, ba ƙari. Aka dafa kala biyu aka zagaya da su, kowa ya ɗanɗana. Kaka ya kai loma daga kwano na biyu. Muka zuba masa ido, ni da Inna Hajo. Bai dubi kwano ba, bai nemi ruwa ba. Ya sake kai hannu. Inna Hajo ta yi guɗa a tsakiyar asibitin gwamnati.

Rigimar da ta fi zafi ta kwano ce. An yarda a riƙa tuƙa tuwo mai laushi da kunu, an yarda a kawo kafin a buɗe wa 'yan dubiya ƙofa, an yarda a kewaye wani gefen baranda da zana, maza nasu mata nasu, masu jinya kuma su tsaya a waje. Kaka ya ce saura abu ɗaya, akushi ɗaya za a zuba wa kowa. Sista ta ce sam. Akwai mai tari, akwai mai ƙurji a hannu, ba za ta warkar da ciwo ɗaya ta raba uku ba.

"Kwano ɗaya ko a hwasa!"

"To a fasa, Baba."

Ya juya mata baya, ya yi fushi irin na yara, har da turo baki. Malam Sanusi ya ce to a tambayi sauran tsofaffin mana. Aka tambaya. Suka ce su dai in tabarma ɗaya ce, ana hira, kowa ya riƙe kwanonsa. Har tsohon mai tari ya ce shi da kansa ba zai sa hannu a kwanon wani ba. Kaka ya ga ba shi da jama'a. Ya ce, "Na bar ku da halinku. Amma cokali kam ku kai ma likita." Wannan an ba shi, aka kawo buta da sabulu.

Ranar da aka fara, ma'aikata biyu suka tallabo Jabbi suka jingina shi da bango a cikin zana, aka tokare shi da matashi. Kaka ya naɗa kansa mai gadin ƙofa. Ya kori Bello. Ya kori wani ɗan dubiya da ya yi sammako. Na zo zan shiga da buta ya tare ni da sanda.

"Ina za ki?"

"Haba angona, ni ma?"

"Ke musamman. Amarya ba ta kallon bakin miji."

Saboda haka ni ban ga komai ba, ji kawai na yi. Muka zauna a gindin zana, ni da Bello da Sista, wadda ta ce wai iska ta fito sha. Muka ji an wanke hannu. Muka ji bisimilla. Aka shiga hirar farashin dawa da ruwan bana. Sai kuma wani ƙaramin sauti, kamar an juye wani abu a cikin wani. Sista ta ɗaga gira. Ta san sarai Kaka ne ya juye tuwonsa a kwanon Jabbi. Ta dube ni, ta dubi sama, ta ce, "Su biyun dai ba mai tari. Ni ban ji komai ba."

Can sai muryar Kaka ta tashi.

"Kai, Jabbi! Wanga gehen nawa na. Ci naka, bar shiga gonata!"

Wata siririyar murya ta ce, "Naka ya hi miya."

"Ji ɓarawo! Jama'a ku shaida, mara lahiya na min sata!"

Tsofaffi suka sa dariya. Bayan ɗan lokaci muka sake jin siririyar muryar nan, a hankali, kamar mai jin kunyar kansa. "Nomau, kunun nan akwai saura?"

Bello ya miƙe ya juya ya fuskanci bango, yadda ya saba. Wannan karon kuka yake yi, kafaɗunsa suna girgiza. Sista ta tafi kawo kunun da kanta, da gudu-gudu, babbar mace da ita. Ni kuwa daɗin da na ji ranar ban san da me zan kwatanta shi ba.

Ɗinkin Jabbi ya haɗe a hankali. An sallami Kaka kafin shi, ya ce ba inda za shi, jininsa ne ya san bai gama sauka ba. Da aka matsa masa ya koma gidana, amma kullum kafin azahar sai ya ɗauki sanda ya nufi asibiti, ya zauna a bakin zana yana korar surukan mutane. Ranar da Jabbi ya hau motar Gwashi da ƙafarsa, Kaka ya raka shi tasha yana yi masa faɗa a kan wata kanwa da ya ce shanunsa sun raina. Ko bayan nan bai daina zuwa ba. In aka kawo tsohon da ba shi da kowa, shi ne abokin cinsa. Inna Hajo tana zuba masa nasa, tana cewa ta ga ranar da za a sa shi a albashi.

Ya yi shekaru masu kyau bayan haka, kun sani. Da Allah ya karɓi abinsa, cikin sauƙi, bayan sallar azahar, ba mu aika Gwashi ba saboda damina ce, hanya ta lalace. Amma ranar sadakar uku sai ga Jabbi, ya ƙara tsufa, laka har gwiwa, Bello yana riƙe da hannunsa. Ya yi mana gaisuwa, bai yi dogon zance ba. Na tuƙa masa tuwon gero mai laushi, na sa man shanu, na kai masa zauren Kaka. Muka watse muka ja masa ƙofa, don mun san hali.

Da na koma ɗaukar kwano, na tarar ya ci rabi. Ba irin ragin wanda ya ƙoshi ba ne. Ya ci gefensa tas har gindin kwano, ɗaya gefen kuwa yana nan a tsaye, da miyarsa da man shanunsa, ko yatsa bai taɓa ba.

Na ce, "Baba Jabbi, bai yi daɗi ba ne?"

Ya ce, "Ya yi, ɗiyata. Gehena nic ci." Ya dubi sauran. "Wancan ba nawa ba na."

Na ɗauki kwanon na fito, ban kai tsakar gida ba na zauna a ƙasa.

Allah ya jiƙan Kaka Nomau, ya yafe masa kurakuransa. Yadda bai bar amininsa ya ci shi kaɗai ba, Allah kada ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Ka shimfiɗa masa tabarma a Aljanna cikin tsararrakinsa, ka haɗa mu da shi a can. Amin.